'Yar Gulma a Kan Kabad

Litinin, bayan la'asar

Yau aka naɗe tabarmin falo. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, sai ɗaiɗaiku. Na share, na mayar da kujeru mazauninsu, ban da kujerar Baba, wadda dama ba wanda ya matsar da ita.

Sai da na gama na ɗaga kai na dubi 'yar gulma. Tana nan a kan kabad, jar fitilarta a kunne, koriyar tana ƙifta ido. Duk kwanakin nan ba wanda ya kula da ita, ita kuma ba ta yi fushi ba.

Bari in rubuta yadda take, ko don hannuna ya sami abin yi. Kwamfuta ce, amma ba ta fi tafin hannuna ba. Ba ta da fuska, ba ta da murfi, ɗan allo ne kore da 'yan ƙarafa a kai, sai cajar waya da ke ba ta wuta da igiyar da ta haɗa ta da na'urar intanet. Yaya ne ya haɗa ta kafin ya koma aiki, ya sa ta cikin robar sabulu da ya huda wa ramuka. Aikinta ɗaya ne: duk wanda aka ba kalmar sirri zai shigo ta wayarsa, ya danna maɓalli ya yi magana, sauran su ji. Yaya ya ce sunanta da Turanci saba, wato na'urar da ke haɗa wayoyi. Baba ya ce abin da ke kwasar zancen mutane daga nan ya kai can ai 'yar gulma ce. Sunan kuwa ya bi ta.

Yaya bakaniken inji ne a jirgin ruwa na dakon kaya. An tsare jirginsu nesa da gaɓa, ba a bar su sun shiga tasha ba, ba a bar su sun tafi ba. Dalilin kullum sauyawa yake: yau takardu, gobe kotu, jibi mai jirgin ba ya ɗaga waya. Sabis ɗin da ke iso musu daga gari ɗan tsiriri ne, sai mutum ya hau can bayan jirgin ya ɗaga hannu. Kiran bidiyo ba ya shiga, kiran waya ya yanke kafin a gama sallama. 'Yar gulma kaɗai ke ratsawa, don ba ta cin data.

Kawu, ƙanin Baba, ya yanke hukunci tun ranar farko: kada a gaya wa Yaya sai ƙafarsa ta taka ƙasa. Ya ce mutumin da ruwa ya kewaye ba a ɗora masa wannan. Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ɗazu Yaya ya shigo ta 'yar gulma, ina ɗakin Umma. Ya ce, "Auta, ina Baba? Ga sunansa a jeri, ina ta sallama shiru."

Wayar Baba tana jone da caja a gefen kujerarsa, shi ya sa sunan bai fita ba. Tun ranar na rage mata murya har ƙasa. Cire ta ne ban iya ba.

Na ce, "Ya kwanta."

Talata, da hantsi

Na koma shago. Mai shago ta ce in ƙara hutawa, na ce zaman gidan ne gajiyar. Aikin tabarau yana da kirki, ba ya barin mutum ya yi tunani: ka auna, ka yanka gilashi, ka goge baki, ka zura cikin firam. Wani tsoho ya zo karɓar nasa. Da ya sa, ya dubi matarsa ya ce, "Ashe haka kika tsufa?" Ta ce a cire masa su a mayar masa da makantarsa. Na yi dariya, sannan na shiga bayan shago na wanke fuska.

Laraba, bayan la'asar

Umma ba ta fita daga ɗakinta, can nake kai mata waya in Yaya ya shigo. Ta iya maɓallin yanzu, har ta iya shi fiye da kima. Sai ta danna ta ce, "Ka ci abinci?" ta saki. Abin da zai biyo baya ba ya ji, ni nake gani. In ta goge fuska da bakin mayafi ta sake dannawa, muryarta tas: "To, Allah ya yi albarka."

Ya tambayi Baba. Na ce ya fita.

Juma'a, da rana

Na taɓa robar, zafi kamar kofin shayi. Yaya ya ce zafin ɗaki ne ya haɗu da nata, in ba a kula ba za ta riƙa rage gudu, murya ta riƙa sarƙewa. Na sayo 'yar fanka irin ta kan tebur, na saita mata ita. Umma ta ji ƙarar ta tambaya. Da na gaya mata ta ce, "Ita ma har da fanka? Gata ke nan." Bakinta ya ɗan motsa. Ba murmushi ba ne, amma maƙwabcinsa ne.

Asabar, da yamma

Yaya bai shigo ba.

Lahadi, bayan azahar

Ya shigo da roƙo. Kukun jirginsu ya daɗe bai ji muryar matarsa ba, ko zan buɗe mata hanya? Ya karanto mini abin da zan yi, na yi. Na kira ta a waya na koya mata inda za ta rubuta adireshi da kalmar sirri. Mace ce mai baki, kafin mu gama na san sunan unguwarsu da ciwon gwiwar surukarta.

Tana shiga ba ta tsaya gaisuwa ba. "Kai! Ina ka jefa makullin ɗakin ajiya? Ƙofa zan fasa?" Ba ta san mutum uku na jirgin suna tsaye kusa da Kuku ba. Na ji dariyar maza ta ɓarke a cikin iska. Yaya ya ce rabon da a yi dariya irin wannan a jirgin an daɗe.

Sai na raba ɗakunan hira a cikin 'yar gulma. Namu dama sunansa Falo, na sa masa makulli. Na buɗe wa Kuku da matarsa Kicin. Na bar Tsakar Gida don kowa.

Da za ta fita ta ce, "Allah ya ƙara muku haƙuri, ƙanwata." Na ce amin. Zancen jirgi take yi, ina jin.

Talata, bayan la'asar

Na ce makogwaron Baba ne, muryar ba ta fita. Yaya ya ce in dafa masa ruwan zafi da zuma. Na ce to.

Ruwan na dafa kuwa. Ban san me ya sa ba. Na zuba a kofinsa, ya huce a kan tebur, na zubar.

Alhamis, da yamma

Yanzu gida huɗu ke shiga ta kan kabad ɗinmu. Akwai matar mai kula da wutar jirgin, akwai wata uwa da ba ta magana, tana dai shiga ta zauna ta ji ɗanta yana hira da wasu. In na dawo daga shago na kan buɗe jerin in ga ɗan hoton bakin da ke gefen kowane suna yana zama kore in mai shi yana magana. Ba na shiga ɗakunansu. Ganin koren ya ishe ni.

Matar Kuku ta ce an rage musu ruwan sha, injin wuta ma rabin yini ake kunna shi. Na tambayi Yaya. Ya ce, "Ƙaramin abu ne. Kada ki gaya wa Umma."

Gidan nan kowa da abin da ba za a gaya wa wani ba, kuma duk ta hannuna suke bi.

Asabar, bayan la'asar

Yau bai tambayi Baba ba.

Lahadi, bayan la'asar

Yau ma. Na riga na shirya amsa, zan ce ya je ganin likitan haƙori. Ta zauna mini a baki har muka yi sallama. Ya kamata in ji sauƙi.

Litinin, da magariba

An yi ruwa da iska, wuta ta yi ta zuwa tana ɗaukewa kamar mai wasa da makunni. Da ta tsaya na duba: ja tana kunne, koriya ta mutu. Na cire caja na mayar. Na hura katin memorin da ke ƙasanta na mayar. Shiru.

Na tura wa Yaya saƙon rubutu. Alama ɗaya ce, bai isa ba.

Talata, da rana

Amsarsa ta iso guntu-guntu. Katin ne ya lalace, ɗaukewar wuta tana cikin rubutu ita ke kashe shi. In sayi sabo, in sake zuba mata komai daga farko. Matakan suna cikin saƙon da ya taɓa turo mini kafin ya tafi, wanda na amsa da "to" ban karanta ba.

Mai shago ta ara mini laftop ɗin shago. Ta ce, "Ke da kike zura ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba a firam, wannan zai gagare ki?"

Matar Kuku ta kira sau uku. Uwar nan da ba ta magana ita ma ta kira. Ashe tana da murya.

Laraba, da yamma

Baƙin allo, fararen haruffa. In ka manta tazara ɗaya sai ta ce ba ta san abin da kake nufi ba, kamar ma'aikacin ofis da bai ga dama ba. Na zuba, ta tashi, amma daga waje ba a iya shigowa. Na goge na sake.

Ina zaune a ƙasa da igiyoyi a cinyata sai na ji motsi. Umma ce a bakin ƙofar falo. Rabonta da nan tun ranar. Ba ta dubi ɓangaren kujerar ba, kan kabad ta duba.

"Ta gyaru?"

"Saura kaɗan, Umma."

Ta jawo kujerar roba ta zauna a nan bakin ƙofa, tana jan carbi, har aka kira sallah.

Alhamis, da hantsi

Ta tashi. Ashe ƙofar da ake buɗe mata a na'urar intanet ce ke nuna tsohon wurinta. Lamba ɗaya na sauya. Na haɗa ta da batirin cajin waya don ko an ɗauke wuta kada ta mutu, na kuma kwafi katin a wani na ajiye. Matar Kuku ta yi mini guɗa a Tsakar Gida har sai da na janye waya daga kunne.

Alhamis, bayan azahar

Tunda sabon zubi ne, kowace waya sai an sake shigar da ita. Tawa na yi ta tun da hantsi. Na tsaya a kan ta Baba na ɗan lokaci. In sunansa ya ɓace daga jeri Yaya zai tambaya, don haka na ɗauka.

Na shigar da ita. Na nemi maɓallin dannawa, babu. Na ce bismillah a hankali, sai ɗan bakin da ke gefen sunansa ya zama kore.

Sai na tuna. Baba bai taɓa iya maɓallin ba, ko ya manta dannawa ko ya manta saki. Yaya ya saita masa tasa ta riƙa buɗewa da kanta in ta ji murya. Ni abin da na rage ranar nan, abin da take faɗa ne. Abin da take ji ban taɓa shi ba.

Tana nan a gefen kujera duk kwanakin da falon yake cike.

Na zauna a ƙasa na daɗe.

Juma'a, da rana, a bayan shago

Na buɗe sabon ɗaki mai makulli na jawo shi ciki, mu biyu.

Na ce, "Yaya, wayar Baba ba ta da maɓalli."

Iska kawai nake ji. Can ya ce, "Sai yau kika gani?"

"Tun yaushe?"

"Washegari. Na hau sama na ga sunansa kore, na yi murna, na ce yau na kama shi yana surutu. Na yi sallama ba wanda ya amsa. Sai na ji muryoyi da yawa, na ji Kawu yana addu'a, na ji sunan da yake ambata." Ya saki maɓalli, ya sake dannawa. "Ban fita ba. Har lokacin da yake maimaita wa mutane kada wanda ya kira ni, duk ina ji."

Ya ce Kuku ne ya same shi a zaune a wurin. Mutanen jirgin suka taru suka yi addu'a tare da shi, har kyaftin ɗin da ba addininsu ɗaya ba ya cire hula ya tsaya.

Na ce me ya sa ya bar ni ina ta zuba masa ƙarya.

"Ban ji Umma ta musa wa Kawu ba. Na ce in wannan ne zai sa ta sami barci, bari in bar mata. Tambayar kuwa, in ban yi ba za ku gane. Ranar da kika ce makogwaro ne na ga ina wahalar da ke, na daina." Ya ja hanci. "Baba dai bai yi ƙarya ba da ya raɗa mata suna."

Na yi dariya, na yi kuka, duk da yatsana a kan maɓalli. Ban saki ba. Shi ma bai saki ba, sai muryoyinmu suka riƙa hawa kan juna.

Ya ce kada in gaya wa Umma ya sani.

Asabar, da yamma

Na kashe wa wayar Baba kunne. Sunan yana nan.

Lahadi, bayan azahar

Kawu ya zo da lemo. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar yayansa, ya dafa hannunta. Na ce ko zai gaisa da Yaya, yana kan layi. Ya girgiza kai da sauri. "A'a, 'yata. Muryata za ta tona ni." Ya ce mu daure, mun kusa, kuma ko ba komai yaron yana can hankalinsa kwance. Na ce haka ne, Kawu. Na zuba masa shayi. Ya rame.

Talata, da safe

An ce wasu mutane sun je jirgin da ƙaramin jirgi, sun kai ruwa da buhunan shinkafa, sun rubuta sunayen kowa. Ba wanda ya san ma'anar hakan. Matar Kuku ta riga ta fara wanke labule.

Laraba, bayan la'asar

Na kai wa Umma waya kamar kullum. Ba ta danna ba. Ta riƙe ta a cinya tana kallo.

Ta ce, "Kwanakin da abin nan ya mutu na yi tunani. In da wani abu ya same shi a can, ko ya same ni a nan, shi ke nan mun rabu da ƙarya a tsakaninmu."

Na ce Kawu fa.

"Kawunku ba shi ya haife shi ba."

Na tashi zan fita, ta ce in zauna. Ta gyara mayafi kamar mai shirin karɓar baƙo, ta danna.

"Babana." Haka take kiransa, sunan mahaifinta gare shi. "Kana zaune?"

"Ina zaune, Umma."

"To ka yi haƙuri. Babanku ya rasu."

Na rubuta. Ga shi nan a kan takarda. Baba ya rasu.

Ɗan bakin Yaya ya daɗe bai zama kore ba. Ina tsoron abin da zai ce. Da ya dawo ya yi salati, ya ce daga Allah muke gare shi za mu koma. Bai ce ya sani ba. Ya bar ta ta ba shi labarin da hannunta.

Sai ya fara tambaya, na gane akwai abin da 'yar gulma ba ta kai masa ba. Ya sha wahala? Wa ke kusa da shi? Ya ce wani abu?

Umma ta ce bai sha wahala ba. Yana kan kujerarsa da safe, ya gama shayi, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ta ce bari ta kira Auta a shago, ya ce a bar yarinya ta yi aikinta, yanzu zai wuce. Ya riƙe hannunta. Ya tambaye ta ko an ji daga mutumin ruwa. Ta ce jiya ya shigo, lafiyarsa ƙalau. Ya ce madalla. Ya yi shahada, a hankali, sau biyu.

Ni ma ban taɓa jin wannan ba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Yau ba ta saki maɓallin ba ko sau ɗaya sai don ta ba shi wuri. Sun yi har sabis ɗinsa ya gudu.

Alhamis, da hantsi

Ta ci abinci. Ta sa na buɗe tagogin falo.

Juma'a, da yamma

Kawu ya ji. Ya zo da faɗa a bakinsa, Umma ta tare shi a falo ta miƙa masa waya. Ya juya ta, ya ce ina ake dannawa. Na nuna masa. Ya ce, "Ɗana," daga nan bai iya ƙarawa ba. Yaya ne ya koma yana ba shi haƙuri.

Litinin, da rana

An ce za a sauke su a kawo wasu. An sha faɗin haka. Ban gaya wa Umma ba, sai na tuna mun daina wannan, na je na gaya mata.

Laraba, bayan la'asar

Gaskiya ne wannan karon. An ba su takardun sauka, har an mayar musu da fasfo. Dalilin tsarewar har yau ba wanda ya faɗa, Yaya ya ce shi ya daina tambaya.

Ya roƙi kada in kashe ta bayan ya taho. Waɗanda za su karɓe su ma suna da iyali, kuma ba wanda ya san tsawon zaman da za su yi. Na ce ai dama ba ni da niyya. Ya ce, "Ji mai saba." Na ce ya dawo ya ga yadda ake haɗa abu da kyau, ba cikin robar sabulu ba.

Asabar, da hantsi

Ban je shago ba. Muna falo ni da Umma, waya a kan tebur tsakaninmu. Tsakar Gida ta cika, matar Kuku tana ta ba mijinta umarnin kada ya manta da tukunyarsa.

Yaya ya shigo Falo. Ƙarar inji ta cika wurin, da ƙyar ake jin sa. Ya ce sun sauko ta tsani, suna cikin ƙaramin jirgin da zai kai su gaɓa, jakarsa ta jiƙe. Ya ce yana hango gine-gine. Ya ce wani abu kuma da ban ji ba, muryar ta tsinke, ta dawo, ta sake tsinkewa. Sai sunansa ya fita daga jeri.

Umma ta matso ta leƙa wayar. "Ya yanke?"

Na ce, "A'a, Umma. Ya taho."